KIƊAN DA YA ZANA RUWA

 Abin da na ke so in yi magana a kansa a wannan fili na mujallarmu shi ne wani kiɗa na Turawa wanda ba shi da waƙa ko baiti guda. Ba ganga a cikinsa, ba 'yan amshi. Mutum ɗaya ne kurum ke zama gaban piyano ya kaɗa shi cikin minti bakwai ko takwas. Wanda ya tsara shi sunansa Franz Liszt, ana furta sunan kamar a ce "List". Ya rubuta shi cikin shekara ta 1877, ya sa masa suna da Faransanci, Les jeux d'eaux à la Villa d'Este, watau "Wasan Ruwa a Gidan Este".

Na san da yawa daga cikinmu in sun ji irin wannan kiɗa sai su ce, "To, ina waƙar? Me ya ke cewa?" Wasu ma su kan ce ai hayaniya ce kawai ta masu kuɗi. Tambayar tana da kyau, kuma ta cancanci amsa. Mu da muka tashi muna jin kalangu mun san fata da tsarkiya suna iya magana, domin harshenmu yana da hawa da sauka, makaɗi kuwa sai ya bi hawa da saukar nan har mai ji ya gane taken wane a ke yi. To, Liszt bai kwaikwayi maganar ɗan Adam ba. Ruwa ya kwaikwaya. Nufina a nan in nuna yadda ya yi haka, da dalilin da ya sa tsoho mai shekara 66 ya ga ya kamata ya yi shi.

Wane ne Liszt?

An haife shi ran 22 ga Oktoba, 1811, a wani ƙauye mai suna Raiding, wanda a lokacin yana cikin ƙasar Hangari, yanzu kuwa yana cikin Ostiriya. Ubansa ma'aikaci ne a gandun wani basarake, kuma shi ya fara koya masa piyano. Yana ɗan shekara tara ya fara kiɗa gaban jama'a. Daga nan aka kai shi Biyana wurin wani gwanin malami, Carl Czerny, sa'an nan aka wuce da shi Faris cikin 1823. Da suka je babbar makarantar kiɗa ta birnin sai aka ƙi karɓarsa, wai don shi baƙo ne. Cikin 1827 ubansa ya rasu, shi kuwa bai cika shekara 16 ba, watau tsaranmu ne. Dole ya shiga bin gidaje yana koyar da piyano don ya ciyar da kansa da mahaifiyarsa.

Cikin 1832 ya ji wani Ba'italiye mai suna Paganini yana kaɗa goge irin na Turawa da gwaninta mai ban tsoro. Sai ya ɗaura aniyar zama haka a piyano, ya rika shafe sa'o'i kowace rana yana horar da yatsunsa. Daga 1839 zuwa 1847 ya zaga Turai kaf yana wasa, tun daga Lisbon har Mosko, har Santambul ya je cikin 1847 ya yi kiɗa gaban Sarkin Musulmi Abdulmajid. Mutane suka haukace a kansa. Mata su kan yi kokawa a kan safar hannunsa, in tsirkiyar piyano ta tsinke kuwa a yi rububin guntayenta. Amma cikin wannan shekara ta 1847, yana da shekara 35, lokacin da sunansa ya kai ƙololuwa, sai ya bar yawon wasa don kuɗi, daga baya ya koma garin Weimar na Jamus ya duƙufa kan tsara kiɗa da koyarwa.

Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Cikin 1859 ɗansa Daniel ya rasu yana da shekara 20. Cikin 1862 'yarsa Blandine ta bi shi tana da shekara 26. Liszt ya riga ya koma Rum da zama, sai ya ƙara ba da ƙarfi ga ibada irin ta addininsa. Cikin 1865 ya karɓi ƙananan muƙamai na cocin Katolika, ya riƙa sa doguwar baƙar riga, ko da ya ke bai zama cikakken fada ba. Sauran rayuwarsa ya raba ta tsakanin Rum da Weimar da Budapes, yana koyar da ɗalibai masu yawa ba ya karɓar ko kwabo. Wannan mutum, wanda ya ga tafi ya ga makoki, shi ne ya rubuta kiɗan da mu ke magana a kai.

Gidan Este

Kimanin kilomita 30 gabas da Rum akwai wani gari a kan tudu mai suna Tiboli. Cikin 1550 aka naɗa wani Kadinal, watau babban malamin coci, mai suna Ippolito d'Este gwamnan garin. Ya yi ta neman zama Paparoma bai samu ba, sai ya zuba dukiyarsa wajen gina gida da lambun da ba irinsa. Wani gwani mai suna Pirro Ligorio ya tsara masa aikin. Aka sassaƙa gangaren tudun hawa-hawa, aka haƙa hanya ta ƙarƙashin gari aka jawo ruwa daga kogin Aniene. Ya kamata in faɗi cewa sai da aka rushe gidajen mutanen unguwa kafin a sami filin, har wasunsu suka kai ƙara.

Abin mamaki a lambun nan shi ne babu injin tura ruwa. Ruwan yana gangarowa daga sama cikin bututu, nauyinsa da kansa ke matsa shi ya yi tsartuwa sama, kamar yadda a ke koya mana a darasin kimiyya. Akwai manyan maɓuɓɓuga wajen hamsin, da ɗaruruwan ƙananan kafofi masu fesa ruwa. Akwai wata doguwar hanya da a ke kira ta Maɓuɓɓuga Ɗari. Akwai ma wata maɓuɓɓuga wadda ruwanta ke tura iska cikin bututu ta yi busa da kanta ba mai busawa. Cikin 2001 hukumar UNESCO ta sa gidan cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

A zamanin Liszt lambun ya tsufa, ciyawa da gansakuka sun hau duwatsunsa. Wani abokinsa, Kadinal Hohenlohe, shi ke riƙe da gidan, ya kuwa ba shi ɗakuna inda ya kan sauka shekara da shekaru. A shekara ta 1877 Liszt yana cikin baƙin ciki mai nauyi. Akwai wasu dogayen itatuwa a lambun masu duhun ganye, ana ce musu saifires, irin waɗanda mutanen Italiya ke shukawa a maƙabarta. Ya faɗa cikin wata wasiƙa cewa ya yi kwana uku cur a ƙarƙashinsu, ya kuwa rubuta kiɗa biyu na makoki a kansu. Sa'an nan ya juya ga ruwan. Duk ukun suna cikin littafi na uku na wani jerin kiɗe-kiɗensa da ya kira "Shekarun Ziyara", wanda aka buga cikin 1883. Littafin yana da kiɗa bakwai. Na biyu da na uku su ne na itatuwan makoki, na huɗu, wanda ke tsakiya daidai, shi ne na ruwa. Ina ganin wannan jeri ba banza ba ne. Sai da ya bi da mai sauraro ta cikin inuwa kafin ya fito da shi fili.

Wahalar da ke cikin aikin

Don mu gane gwanintar, sai mu fara sanin yadda piyano ke aiki. Wani Ba'italiye mai suna Cristofori ya ƙago shi a birnin Fulorens wajen shekara ta 1700. Piyanon yau yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36, da tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200 a ɗaure tam a cikinsa. In ka danna maɓalli, wata 'yar guduma mai kan ulu ta bugi tsirkiya ta koma. In ka ɗaga yatsa, wani ɗan matashi na ulu ya sauka a kan tsirkiyar ya kashe sautin. Tsirkiyoyin hagu dogaye ne masu kauri, ta ƙarshensu tana kaɗawa sau 27 da rabi a daƙiƙa guda, don haka muryarta kamar rugugin hadari. Na dama gajeru ne sirara, ta ƙarshensu tana kaɗawa fiye da sau 4,000 a daƙiƙa, muryarta kamar an ƙwanƙwasa gilashi.

Ga inda wahalar ta ke. Mai busa algaita yana iya riƙe murya ɗaya ya ja ta yadda ya so, haka mai goge. Mai piyano ba shi da wannan dama, domin da guduma ta bugi tsirkiya sautin ya fara mutuwa ke nan. Ashe piyano ɗan'uwan ganga ne, abin bugu ne. Ruwa kuwa ba ya yankewa. To, ƙaƙa za a yi abin bugu ya ba da kamannin abin da ke kwarara? Liszt ya bi hanyoyi huɗu.

Ta farko, ya warware tarin sautuka. A kiɗan Turawa an saba danna maɓallai uku ko huɗu gaba ɗaya su ba da murya guda mai kauri. Maimakon haka sai ya sa yatsu su bi su ɗaya bayan ɗaya da sauri, daga ƙasa zuwa sama. Kunne ba ya iya ƙirga su, sai ya ji kamar abu ɗaya ne ke tashi, kamar yadda ido ba ya ganin ɗigo ɗaya-ɗaya a cikin tsartuwar ruwa.

Ta biyu, rawar sauti. Yatsu su riƙa kai da komo tsakanin maɓallai biyu ko fiye da sauri ƙwarai, har sautin ya zama kamar yana tsaye wuri ɗaya alhali kuwa yana motsi. Wanda ya taɓa duban bakin famfo da rana tsaka ya san wannan. Igiyar ruwan tana nan kamar sanda, amma kowane ɗigo da ke cikinta sabo ne. Akwai wani gyara da Bafaranshe Érard ya yi wa piyano cikin 1821 wanda ya sa guduma ke iya sake bugu tun maɓalli bai gama tasowa ba. Irin wannan gyara ya sauƙaƙa wa makaɗa maimaita sauti da sauri.

Ta uku, feda. A ƙarƙashin piyano akwai abin takawa kamar fedar keke. In aka taka ta dama, duk 'yan matasan nan masu kashe sauti su kan tashi gaba ɗaya, sautin da aka buga ya ci gaba da amo ya gauraya da na bayansa. In makaɗi ya cika takawa, kiɗan ya dagule kamar ruwan kududdufi. In ya ƙi takawa, ya bushe kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Gwaninta tana tsakanin biyun nan.

Ta huɗu ita ce sabuwa ƙwarai a zamaninsa. A ƙa'idar kiɗan Turawa akwai tarin sautukan da ke kama da tambaya, akwai masu kama da amsa, kuma in an yi tambaya ana sa ran amsa ta biyo baya. Liszt ya buɗe kiɗansa da tari mai hawa biyar irin na tambaya, ya bar shi yana sheƙi, ya wuce zuwa wani irinsa, ba ya gaggawar kawo amsa. Watau yana so mu saurari sautin don launinsa, kamar yadda mutum ke tsayawa ya kalli ruwa ba don yana jiran ruwan ya kai shi wani wuri ba. Bugu da ƙari, ya rubuta kiɗan a kan ma'aunin da ke amfani da dukkan baƙaƙen maɓallai biyar na kowane zango, kuma yawancinsa a ɓangaren dama na piyano ya ke, inda murya ta fi haske.

Yadda kiɗan ke tafiya

Da farko ba za ka ji wani amo da za ka iya bi da baki ba, sai tsartuwa da yayyafi. Bayan kamar minti guda sai wata murya mai sauƙi ta ɓullo daga ƙarƙashin rawar sautukan sama, a hankali, kamar mutum na tafiya shi kaɗai cikin lambu yana tunani. Muryar nan takan ɓace ta dawo, kowane dawowa da sabuwar riga ta ruwa.

Wajen tsakiyar kiɗan sai abin ya canja. Saurin yayyafin ya lafa, muryar ta buɗe ta yi faɗi kamar waƙar ibada. A daidai wannan wuri Liszt ya rubuta wata aya da Latin a kan takardar kiɗan, daga Linjilar Yohanna, sura ta 4, aya ta 14, inda a ke maganar ruwa da rai madawwami. Ba a karanta ayar a wurin wasa, makaɗi kaɗai ke ganinta. Daga nan kiɗan ya yi ta cika har ya kai ga ƙara mai ƙarfi, hannun hagu na ruri a ƙasa, sa'an nan ya sauko ya ƙare da 'yan sautuka masu natsuwa. Ba sai mutum ya zama addininsa ɗaya da Liszt ba kafin ya gane abin da ke faruwa a nan. Tsoho ne da ya binne 'ya'ya biyu, ya zauna yana duban ruwa, tunaninsa ya tashi daga ruwan da ido ke gani zuwa ga abin da ya ke fata bayan mutuwa.

Romantik ne ko Imfireshanizim?

Masana suna sa Liszt cikin makaɗan zamanin da a ke kira Romantik, wanda ya mamaye yawancin ƙarni na 19. Mutanen wannan zamani sun fi damuwa da abin da ke cikin zuciya, kamar so da baƙin ciki da jarunta, kuma su kan so kiɗa ya ba da labari. Amma cikin 1874 wasu masu zane a Faris suka baje kolin hotuna irin waɗanda ba a saba gani ba. Ɗayansu, Claude Monet, ya nuna hoton fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre, wanda ya zana cikin 1872. Bai tsaya zana kowane jirgi dalla-dalla ba, sai hazo da haske a kan ruwa, watau abin da ido ke fara kamawa a ƙiftawa ɗaya. Wani ɗan jarida ya ɗauki kalma daga sunan hoton ya yi musu ba'a da ita, sunan kuwa ya bi su. Shi ne Imfireshanizim. Daga baya aka ari sunan aka sa wa kiɗan Faransawa biyu, Claude Debussy da Maurice Ravel, ko da ya ke Debussy bai so sunan ba.

Yanzu ku dubi shekarun. A 1877 Debussy yana da shekara 15, Ravel kuwa jariri ne ɗan shekara biyu. Sai a 1901 Ravel ya rubuta nasa "Wasan Ruwa", sunan ma kusan ɗaya da na Liszt. Sai a 1905 Debussy ya fito da nasa kiɗan a kan inuwar abubuwa cikin ruwa. Debussy ya taɓa jin Liszt yana kiɗa a Rum gab da ƙarshen rayuwar tsohon, kuma bayan shekaru masu yawa yana tuna yadda ya ke taka feda kamar mai numfashi. Ashe tsoho mai furfura ne ya share wa samari hanya tun shekara 24 kafin su bi ta. Gaskiyar Hausawa da suka ce da tsohuwar zuma a ke magani.

Duk da haka, a ganina kiɗan Liszt bai zama Imfireshanizim gaba ɗaya ba. Na saurari nasa da na Ravel a jere sau da yawa. Ruwan Ravel ruwa ne kurum, yana wasa yana ƙyalli, ba ya nuna wani abu bayan kansa. Ruwan Liszt kuwa ya fara a ruwa ya ƙare a addu'a. Hannuwansa sun shiga sabon zamani, zuciyarsa tana nan a tsohon. Wani na iya cewa wannan rauni ne, ya kasa sakin tsohuwar hanya. Ni kuwa don wannan ne na fi son nasa, domin akwai mutum a cikin lambun.

Yadda za a saurare shi

A shekarar da aka rubuta kiɗan nan, 1877, Thomas Edison ya ƙago na'urar ɗaukar murya a Amurka. Amma Liszt ya rasu ran 31 ga Yuli, 1886, a garin Bayreuth na Jamus, ba a ɗauki kiɗan hannunsa ba. Abin da ya rage mana shi ne takardar da ya rubuta, da gwanayen da suka kaɗa ta bayansa, kamar Claudio Arrau mutumin Cile, da Lazar Berman mutumin Rasha, wanda ya ɗauki dukkan littattafan uku a faifai cikin 1977. Yau duk wanda ya rubuta sunan kiɗan a intanet zai same shi.

Shawarata ga wanda zai gwada ita ce ya saurara sau uku. A na farko kada ya nemi kome, ya bar sautin ya zubo masa kurum. A na biyu ya kasa kunne ga muryar nan ta ƙasa, ya lura da lokacin da ta shigo da sau nawa ta dawo. A na uku ya nemi wurin da ruwan ya lafa ya zama kamar ibada. Duka bai kai rabin sa'a ba. In bayan haka bai ji daɗinsa ba, babu laifi, kowa da abin da kunnensa ke so, amma dai ya san abin da ya ƙi.

Ga iyayenmu kuwa, waɗanda watakila za su ce mun aike ku karatu kun koma sauraron kiɗa, ina roƙonsu su duba abin da ke cikin wannan ɗan kiɗa guda. Akwai kimiyyar sauti da ta matsin ruwa, akwai tarihin Italiya da Faransa, akwai kuma horon kunne da natsuwa, abin da ɗalibi ke bukata a kowane aji. Akwai kuma halin mutumin da ya tsara shi, wanda ya zama maraya yana tsaranmu, aka rufe masa ƙofar makaranta don shi baƙo ne, amma da ya sami ɗaukaka sai ya koyar da 'ya'yan mutane kyauta, kuma har tsufansa bai daina neman sabuwar hanya a sana'arsa ba.